Masu Wurin: Kufai, Aljani da Tarihin da Ba a Faɗa a Ƙasar Kano

Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina ya san irin ƙasar da nake nufi. Gona na manne da gona tun daga bakin titi har inda ido ya gaza, dawa da gero da gyaɗa da wake, babu saura, babu jeji. Kowace ɗorawa da mai ita, kowane gawo da wanda ke kakkaɓe wa awakinsa 'ya'yansa. Iyayenmu sun sha gurfana gaban dagaci a kan kunya ɗaya tak da maƙwabci ya ci da garma. A wannan ƙasa na tashi, a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba. A bayan ƙauyen akwai wani fili da bai kai filin ƙwallo ba, wanda har na gama firamare ban ga fartanya ta taɓa shi ba. Tsamiya biyu ne a cikinsa, da tsohuwar rijiya da ta rufta, da wani tudun jar ƙasa mai cike da tsingaro.

Kakata ce ta fara yi mini iyaka da wurin. "Kai angona, kada in ƙara jin ka ratsa ta kufan nan da tsakar rana. Masu wurin ba sa son hayaniya." Ban tambaye ta su wane ne masu wurin ba, domin kowane yaro ya sani: mutanen ɓoye ne. An ce akwai doguwa a tsamiyar gabas, an ce wani makiyayi ya taɓa leƙa rijiyar ya dawo bakinsa a karkace. Sai da na girma na lura da abin da ya fi doguwar ban mamaki. A ƙasar da ake shari'a a kan taku biyu, me ya sa gari guda ya haƙura da fili sukutum, alhali duk manomi ya san babu ƙasar da ta kai ta kufai albarka?

Littattafan wata ƙasa mai nisa ne suka ba ni hanyar yin wannan tambaya yadda ya kamata. A jami'a aka haɗa mu da abin da Turawa ke kira adabin Gotik, wato adabin firgici da ke kewaya tsofaffin gine-gine da asirin zuriya. Sunan ya samo asali daga salon ginin tsofaffin majami'u da fadoji na Turai, kuma a Ingila aka fara shi, da littafin Horace Walpole, The Castle of Otranto, a 1764. Da salon ya haye Amurka sai ya tarar babu tsofaffin fadoji. Charles Brockden Brown, wanda ya rubuta Wieland a 1798, ya bayyana a gabatarwar wani littafinsa, Edgar Huntly, cewa marubucin Amurka ba ya bukatar aron kangon Turai, yana da dajinsa da yaƙinsa da mutanen da aka tarar a ƙasar. Daga nan Amurkawa suka riƙa haƙo tsoronsu daga ƙarƙashin ƙafarsu: ƙasar da aka ƙwace, da mutanen da aka bautar.

Littafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne The House of the Seven Gables na Nathaniel Hawthorne, wanda ya fito a 1851. Wani mai ƙarfi, Kanar Pyncheon, ya yi kwaɗayin filin wani talaka, Matthew Maule, saboda idon ruwa mai daɗi da ke ciki. Aka yi wa talakan ƙazafin maita, aka kashe shi, Kanar ya gina katafaren gida a kan filin. Ruwan rijiyar ya ɓaci, aka tsinci gawar Kanar ranar buɗe gidan, la'anar kuma ta bi jikoki da tattaɓa kunne. Hawthorne ya san abin da yake faɗa, domin ɗaya daga cikin kakanninsa, John Hathorne, yana cikin alƙalan shari'ar maita ta garin Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19. Bayan shekaru fiye da ɗari Toni Morrison ta kai salon maƙurarsa a Beloved, a 1987. Ta ɗauko labarin gaskiya na Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentucky a 1856, wadda da aka cim mata ta yanka 'yarta don kada a mayar da ita bauta. A littafin, yarinyar da aka yanka ta dawo gidan uwarta, da jiki, da yunwa, da neman a biya ta.

Fili, rijiya, maita, bauta. Ina karantawa ina ganin bayan ƙauyenmu. A shekarar da littafin Hawthorne ya fito, a shekarar ce Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Bichi ya shiga Kano, yana yaba ƙasar kamar lambu. Su wa ke noma lambun? Zan dawo ga wannan.

Mu ma muna da tsohon adabin tsoro, kuma mafi tsufansa a rubuce yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908. Littafin ya buɗe da Barbushe a kan Dala, da Tsumburbura a cikin wata itaciya da aka kewaye da katanga, wurin da babu mai shiga sai shi. Yana fitowa da dare ya faɗa wa jama'a abin da zai auku, har da zuwan baƙin da za su mallake su. A ƙarni na 14 sarakuna suka fasa katangar, aka gina masallaci a wurin, daga baya kuma aka sare itaciyar. Can kusa da ƙarshen sarautar Haɓe kuma ga labarin Dirki, wani abu da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka. Sarki Alwali ya ƙi ba da shanun da aka nema, ya sa samari suka fasa shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce masa za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da abin da ke cikin Dirki, kuma jihadi ya zo ya kore shi. Duk kayan aikin Gotik suna nan: wuri a rufe, abu a naɗe, mai iko da ya keta haddi, da baki da ya kama gida guda. Marubucin bai ɗauki wannan a matsayin ƙaga ba, tarihi yake rubutawa, amma ya san yadda ake sa gashin mai karatu ya tashi.

A ƙauye kuwa tsoro yana hannun mata, a tsakar gida bayan sallar lisha. Tatsuniyoyin Dodo, waɗanda Frank Edgar ya tara da yawa daga cikinsu a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, cike suke da haɗiye mutum, da yarinyar da aka yi alkawarin bayarwa, da mijin da ya rikiɗe bayan an kai amarya. Na daɗe ina zargin cewa Dodon da ke ɗauke yarinyar da ta yi nisa da gida yana da dangantaka da mahayan da ke ɗauke yara a bakin gona a ƙarni na 19. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama mutanen gidansu a ƙasar Zazzau, da yadda aka yi ta fafutukar fansarsu. Uwar da ta rayu a wannan zamani ba ta bukatar ƙirƙiro abin tsoratar da ɗanta. Amma tatsuniya tana da ƙofar fita. Da an ce ƙurunƙus, an rufe, kowa ya san ƙarya ce aka shara don gizo. Labarin kufai ba shi da ƙurunƙus. Ba da dare ake ba da shi don nishaɗi ba, da rana ake faɗarsa, a gajarce, da murya ƙasa-ƙasa.

Da ƙagaggen labari ya shigo boko ta gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Talifi ta Zariya a 1933, sai wani abu ya faru da har yau nake juyawa a raina. Aljanu sun shiga littafi, amma sun bar tsoronsu a waje. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam mataimaka ne a ƙarshen doguwar tafiya mai cike da barkwancin Malam Zurƙe. A Ganɗoki na Bello Kagara suna can wata duniya da jarumi ya faɗa bayan Turawa sun ci ƙasa, fagen nuna bajinta kawai. Bauta ita ma ta shiga littafi, a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: yaron da aka sace, uwar da ta bi sawunsa har ita ma aka sayar da ita, ta ƙetare hamada, ta gan shi, ta mutu. Babu labarin da ya fi wannan cancantar fatalwa. Amma Shaihu Umar yana ba da shi ne a zaune cikin almajiransa, da natsuwar wanda ya karɓi ƙaddara, kuma uwar ba ta dawo ta tsaya a kan kowa ba. Ga aljani a littafi ɗaya, ga bawa a wani, ba a bari sun haɗu ba.

Jiki Magayi na John Tafida da East ne ya fi kusa. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin kuma ya sauka a kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin ubansa ba da saninsa ba. Laifin uba a wuyan ɗa, gida mai arziki yana rushewa daga ciki: Hawthorne zai gane wannan littafi. Sai dai zaluncin da ke cikinsa na mutum biyu ne a kan mace ɗaya. Bai taɓa tushen dukiyar ba, bai tambayi wanda ya noma ta ba.

Me ya hana haɗuwar? A ganina babban dalili yana cikin abin da muka yi imani da shi game da mutuwa. Muna da kalmar fatalwa, muna da kurwa, amma Musulmin Bahaushe ya san wanda ya mutu ya tafi, yana barzahu, hisabinsa yana gaba. Mamaci ba ya dawowa neman hakkinsa a duniya, an tanadar masa ranar da za a biya shi. Aljani kuwa halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, kuma kowa ya san yana son kango da kufai da tsohuwar rijiya. Don haka idan wuri ya yi nauyi a zukatan mutane, aljani ake ba shi. Bambancin yana da girma. Fatalwar Morrison tana da uwa, tana da ranar da aka kashe ta, tana da wanda take tuhuma. Doguwar tsamiyarmu ba ta da ƙara a kan kowa. Tana tsare wurin, tana hana a manta cewa akwai wani abu a nan, amma ba za ta taɓa faɗin mene ne ba.

Ko bori, wanda ya fi kowane fanni namu adana tarihi cikin iskoki, haka yake yi. A birnin Jangare akwai gidan sarauta da na malamai, akwai Filani da arna da kutare, daga baya har Turawa suka samu gurbi. Duk wanda ya ratsa ƙasar Hausa ya bar inuwarsa a can. Amma iri ne ake ajiyewa, ba mutum ba. Za ka ga Bafilatana, ba za ka ga wance 'yar wane da aka kama ranar kaza ba.

Yanzu ga masu noman lambun Barth. Bayan jihadi, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya yi shekaru yana fama da Ɗantunku a arewacin Kano, kuma Fanisau ta zama ribaɗinsa. A can Clapperton ya same shi a 1824. Da ƙura ta lafa sai ƙasar da ke kewaye ta cika da gandayen sarki da rinjojin masu sarauta da attajiran birni, manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama suna kula da na fada. Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandayen Fanisau, wanda ya fito a 2011, ya dogara ƙwarai da hirarrakin da aka yi da tsofaffin wurin. Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba su 'yanta kowa rana ɗaya ba. Dokarsu ta ce 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 'ya'ya ne, manya kuwa sai su fanshi kansu, da yawa ta hanyar murgu, kuma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso, gyaɗa ta yi daraja, sannan damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya. Rinji da yawa sun zama ƙauyuka, mutanensu suka narke cikin jama'a. Wasu kuma suka watse.

Na san wannan duka daga takarda kafin in yi ƙarfin halin tambaya a gida. Wani hutu na sami wani dattijo, abokin kakana, yana gyaran igiya a zaurensa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wai kufan bayan gari, garin su wa ne?" Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Ɗan nan, boko ya koya maka tone-tone." Na yi shiru. Da ya ga ban tashi ba sai ya faɗa mini abin da ya ji daga mahaifinsa. Rinjin wani attajirin birni ne. Da Nasara suka zo wasu suka tafi neman garuruwansu, waɗanda ba su san inda za su ba suka zauna. Yunwa ta same su a nan, ubangijinsu ya daina aiko da komai, aka riƙa binne su kusa da bukkokinsu domin babu mai ƙarfin kai gawa maƙabarta. 'Yan kaɗan da suka rage suka shigo cikin gari.

Na ce, "To Baba, jikokinsu ai suna da hakkin filin." Ya dube ni kamar wanda ya yi saɓo. "Wa zai je gaban dagaci ya ce gonar kakana ce? In ya faɗa, ya faɗi ko shi wane ne. Wa zai ba ɗansa mata bayan nan?" Magadan attajirin kuma sun daɗe da mantawa, ko kunya ta hana su. Sauran mutanen gari ba mai son ya zama na farkon da zai kafa garma a kan ƙasusuwan da ya san suna nan. Ya ƙare da cewa, "Da aka ce akwai aljanu, kowa ya huta."

Ban taɓa jin sharhin adabi da ya kai wannan jimla ba. Labarin doguwa yarjejeniya ce da gari guda ya ƙulla ba tare da an zauna ba. Ya kare kaburbura daga garma shekaru masu yawa, ya rufa wa masu rai asiri, kuma rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ba zan raina shi ba. Amma na san kuɗin da aka biya. Akwai gida biyu a ƙauyenmu da tun muna yara ake hana mu cin abincinsu, ana raɗa cewa suna da maita, wai a nono suka sha. Na ga auren wata yarinya daga ɗayan gidajen ya mutu ana saura mako biyu, bayan dangin saurayin sun yi abin da ake kira binciken asali. Da na lissafa zuriyar da dattijon ya ambata, sai na ga gidajen nan biyu ne. Ban ce haka abin yake a kowane gari ba, na faɗi abin da na gani a namu. An daina kiransu bayi, sai tsoron ya nemi wani suna ya manne musu. A Salem ƙazafin maita ya raba Maule da filinsa, a wurinmu ya hana jikokin masu wurin ko da ambaton nasu.

Marubutanmu na baya-bayan nan ba su guji aljanu ba. Tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, an sami littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, cike da bokaye da matsafa da aljanu masu fukafukai, kuma samari sun karance su har bangonsu ya yage, ni ma ina ciki. Finafinai sun ɗora da mayu da 'yan shan jini. Amma yawancin waɗannan aljanu jikokin Dare Dubu da Ɗaya ne, suna zaune a biranen da babu su a taswira, mayun fim kuma mugaye ne kawai da malami zai ƙone da addu'a kafin a tashi. Mai karatu yana firgita, ya rufe littafi, ya yi barci, domin babu abin da ya shafi gidansu. Labarin da nake jira shi ne wanda zai tsaya a bayan gari, ya bar doguwa a tsamiyarta yadda addini da al'ada suka yarda, amma ya sa wani ya tambaye ta tun yaushe take nan, da abin da ta gani. Ba sai an tayar da mamaci ba. Aljani yana da tsawon rai, shaida ne da ya halarci komai, kuma ban ga wanda ya kira shi ya ba da shaida ba tukuna. Na gwada rubuta labarin da kaina sau biyu, na tsaya a wuri ɗaya: duk yadda na sauya sunaye, mutanen garinmu za su gane gidajen, kuma yaran gidajen ne za su shiga kasuwa washegari.

Dattijon ya rasu, kakata ma haka. Shekarun baya wani mutumin birni ya zo da takarda, aka ce ya sayi filin, ban san daga hannun wa ba. Aka sare tsamiyoyin aka yi gawayi, aka cike rijiyar, tarakta ta baje tudun. Bara da na je gida da damina na bi ta wurin da tsakar rana. Gyaɗa ce a ciki, ta yi kore shar fiye da ta kowace gona a kewayen. An tsince tsingaron an tara a bakin iyaka don kada ya ci kaifin fartanya. 'Yan ƙwadago huɗu suna noma, ɗayansu saurayi ne daga gidan yarinyar nan da aurenta ya mutu. Ya ɗago ya ce, "Yaya, sannu da zuwa, yaushe a gari?" Na ce jiya, na yi masa barka da aiki, na tambayi mutanen gida. Ya ce lafiya lau, ya sunkuya ya ci gaba da kunyarsa.